Kwamfutar Malam Yohanna Mai Mutuwa a Gida

Malam Yohanna mutumin Pankshin ne a jihar Filato, amma a Kano ya yi furfura. Ya zo garin yana saurayi, ya kama aikin buga takardu da tafireta a wata ma'aikatar jiha, ya auri Tabita, suka haifi 'ya'ya, har ya ajiye aiki bai bar unguwar Gyadi-Gyadi ba. Abokan aikinsa sun shaide shi da cewa ba ya barin kuskure a takarda, kuma ba ya yanke hukunci sai ya jera dalilai. Wannan hali abin yabo ne. Sai dai mai jera dalilai idan ya ɓace hanya, cikin natsuwa yake ɓacewa, don haka ya fi mai gaggawa wuyar juyowa.

Da ya ajiye aiki, 'yarsa Favour ta aiko masa da laftof, ta hannu ce amma mai kyau. Da ita yake buga tsarin sujadar Lahadi da waƙoƙin mawaƙan cocinsu. Mai duba masa ita kuwa Bashir ne, ɗan marigayi maƙwabcinsa Malam Sani. A gaban Malam Yohanna Bashir ya girma, a kan tafiretarsa ya koyi inda haruffa suke, yanzu ga shi magidanci da shagon gyaran kwamfuta a bakin titi. Yawancin masu kawo masa aiki 'yan cocin ne da abokansu, kuma kowa ya san da bakin wa suka zo. Mai gyara ba shi da jarin da ya wuce a yarda a bar masa kaya a tafi, jarin Bashir kuwa a hannun wannan dattijo yake.

A Kirsimetin bara matan Zumunta na cocinsu suka saƙa wa Malam Yohanna shimfiɗar ulu mai kauri, don godiya da hidimarsa. A wurin matan Filato irin su Tabita, abu mai daraja ba a ɗora shi a kan katako tsirara. Rediyo na da tasa shimfiɗar, talabijin na da tata, Littafi Mai Tsarki ma haka. Tabita ta ninka wannan biyu, ta sa a kan teburin maigidanta, ta ɗora kwamfutar a kai. Lokacin sanyi ne, ba abin da ya faru.

Da sanyi ya fara janyewa, kwamfutar ta dame shi da saƙon cewa tana bukatar sabuntawa, sai ya kai wa Bashir ya yi mata. Bai daɗe da dawo da ita ba zafin bazara ya sauka, ciwo kuma ya fara. Yana tsakiyar baiti sai fankar cikinta ta kama gurnani, haruffa su riƙa fitowa da nawa, can sai fuskar ta yi baƙi ƙirin. Abin da bai adana ba ya tafi ke nan.

Ya mayar wa Bashir. Bashir ya ɗora ta a kan teburin shago, ya kunna, ya ba ta aiki mai nauyi tun hantsi har la'asar, ko gezau. Ya ce, "Baba, lafiyarta ƙalau." Malam Yohanna ya koma gida, ta mutu kafin ya gama shafi guda. Da ya sake kawowa, Bashir ya bincika ko bairos ne, ya sami 'yan ƙanana da suka shigo ta filashin da mawaƙa ke kawo waƙoƙinsu a ciki, ya share su. Ta mutu. Ya cire sabuntawar da ya yi mata, ya mayar da ita yadda take a da. Ta mutu. Ya ara masa wata caja, ya ce wataƙila wutar gidan ce ke hawa da sauka. Daga ƙarshe ya kwance ta, ya busa fankar, ya ce alamun nan sun yi kama da na zafi, ya tambayi Baba a ina yake ajiye ta in zai yi aiki, ko a kan katifa ne ko a cinya. Malam Yohanna ya ce shi ba yaro ba ne da zai yi rubutu a gado, a kan tebur yake ajiye ta. Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta rufe ƙofar da ya kamata a bi.

Mai sayar da katin waya da ke jikin shagon har ya saba da ganinsa yana saukowa daga adaidaita sahu da jaka a hammata. Yakan ce, "Baba, an dawo da majinyaciyar? Ka bar ta nan mana, da alama hirar shago take so, waƙoƙin naku ne ke sa ta barci." Da farko Malam Yohanna kan yi dariya. Daga baya ya daina.

Sai ya zauna ya jera dalilansa yadda ya saba. Kafin Bashir ya taɓa ta, lafiya take. Bayan ya taɓa ta, ciwo ya fara. A gaban Bashir ba ta taɓa nuna ciwon ba. Wani dattijon coci kuma ya taɓa ba shi labarin masu gyaran da ke cire kayan asali su sa tsofaffi. Ya kori wannan tunani, ya dawo, ya sake korarsa, ya kuma dawowa. Kowane ɗaya daga cikin dalilan nan gaskiya ne. Abin da bai tambayi kansa ba shi ne, ban da hannun Bashir, me kuma ya canja tsakanin Disamba da Maris.

Ba tare da ya gaya wa Bashir ba, ya ɗauki kwamfutar ya kai wa wani mai gyara, Obinna, a kasuwar waya ta Tarauni. Obinna ya buɗe ta, ya ce ram ɗin da ke ciki, wato ɗan allon da ke riƙe mata abin da take yi a lokacin aiki, ba na kamfanin da ya ƙera ta ba ne. Ya ƙara da cewa haka yawancin na hannu suke zuwa, ba wani abu ba ne. Rabin farko na maganar ne kawai ya shiga kunnen Malam Yohanna. Obinna ya kwashe masa takardunsa, ya goge komai, ya ɗora mata sabon tsari.

A makon nan ne Tabita ta kwashe labule da shimfiɗu duka ta wanke saboda bikin Ista, ta ninke su a akwati don kada su yi datti kafin ranar. Kwamfutar ta dawo ta zauna a kan katako, ta yi aiki kamar sabuwa. Malam Yohanna bai yi farin ciki ba, domin a ganinsa hujja ta cika. Bai kira Bashir ɓarawo ba, mutum ne mai tauna magana. Abin da ya ce wa 'yan coci bayan sujada shi ne, shi dai ya daina kai tasa can, kowa kuma ya san inda ke yi masa ciwo. Irin wannan magana ta fi zagi ɓarna, don mai zagi ana iya ce masa ya kawo shaida, mai shaguɓe kuwa sai ya ce bai ce komai ba.

Masu kawo aiki suka ɗauke ƙafa. Bashir ya ji ƙishin-ƙishin, ya zo gidan da yamma ya durƙusa a bakin ƙofa. Ya ce, "Baba, in laifi na yi, a gaya mini." Malam Yohanna bai ce ya shigo ba. Ya ce Allah ya san gaskiyar kowa, ya tambayi lafiyar iyali, ya sallame shi.

Ranar Ista shimfiɗar ta koma wurinta. Kafin mako ya zagayo kwamfutar ta mutu a tsakiyar baiti, da gurnaninta da komai.

A nan lissafin Malam Yohanna ya watse. In Bashir ne, to ai hannunsa bai sake taɓa ta ba. In Obinna ne ya gyara, me ya kwance gyaran? Ya mayar wa Obinna, ta yi aiki a gabansa har aka tashi kasuwa. Ya zargi wutar unguwa, ya je gidan maƙwabci ya tambaya ko nasu kayan na lalacewa, aka ce a'a. Ya zargi filashin mawaƙa, ya hana kowa kawo masa. Har yatsunsa ya zarga, ko ƙarfin bugun tafireta ne bai bar shi ba. Tabita ta ce tunda abin a gida kawai yake faruwa, a kira fasto ya yi addu'a a ɗakin. Ya ce mata ba a kiran fasto saboda na'ura, amma ya daɗe yana kallon bangon ɗakin bayan ta fita.

Wata rana da azahar ta sake mutuwa, haushi ya sa ya fizge ta daga tebur. Ƙasanta ya ƙona masa tafin hannu. Ya taɓa ulun, ya ji shi kamar an sauke tukunya. Ya juya kwamfutar, ya ga 'yan ramukan da take shan iska ta cikinsu sun cushe da gashin ulu ja da kore. Ya tsince su, ya ajiye ta a kan katako, ta yi aiki har magariba. Washegari ya mayar da shimfiɗar da gangan, kwamfutar ta mutu.

Tabita ba ta yarda ba. Ta ce, "Baban Favour, rediyon nan tun aurenmu yake kan ulu, me ya same shi?" Ya ce rediyo ba ta ƙasa yake numfashi ba. Ta ce to shi zai gaya wa matan Zumunta cewa kyautarsu ce ta jawo wannan, ita ba ruwanta.

Ya sa shimfiɗar a jaka ya tafi shagon. Ba kowa sai Bashir. Ya baje ta a kan tebur ya yi bayani daki-daki. Bashir ya fara dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. Ya ce, "Baba, ai na tambaye ka inda kake ajiye ta." Malam Yohanna ya ce, "Na ce tebur, kuma tebur ne." Sannan ya nemi gafara, Bashir ya ce ya yafe, ba komai tsakanin ɗa da uba.

Lahadin da ta biyo baya ya miƙe a coci ya wanke Bashir a gaban jama'a. Wasu sun dawo da aikinsu. Wasu ba su zo sujada ranar ba, maganar farko ce har yanzu a kunnensu. Wasu matan kuma abin da suka fahimta shi ne mai gyara ya kushe saƙarsu.

Da damina wasu haruffan kwamfutar suka daina bugawa. Malam Yohanna ya kai ta, ya ajiye, ya ce zai dawo gobe ya karɓa. Bashir ya jawo kujera kusa da tebur ya ce, "Zauna, Baba, a gabanka za a buɗe." Malam Yohanna ya ce ba sai ya zauna ba, ya yarda da shi. Bashir ya ce ya sani, amma yanzu haka yake yi wa kowa. Malam Yohanna ya zauna, Bashir na kwance ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, yana nuna masa kowane abu kafin ya cire shi.