Tafkin da Aka Shafe da Kwalta

Baba bai taɓa ajiye waya ba sai ya yi mini tambayar nan: "To, yaushe ne dawowar?"

Karatu ya kawo ni Manchester, da alkawarin ina gamawa zan tattara in koma. Na gama, na samu aiki, na ɗauko iyali, muka kama hayar sashe a unguwar Whalley Range, cikin tsofaffin gidajen attajiran da, waɗanda aka yayyanka aka zuba mu ciki. A gidanmu kuwa al'ada ce uba ya yankar wa kowane ɗa sashensa. Kafin in taso daga gida, a gaban Baba na tsuguna da tsinke na zana nawa a ƙasa: ɗaki nan, falo nan, taga ta kalli darbejiya. Ya duba, ya ce, "Allah ya nuna mana." Shekaru suka yi ta tafiya. Abin da nake nema a wurinsa guda ɗaya ne, ya buɗe baki ya ce in zauna, ya sa albarka. Muddin bai faɗa ba, a ɗosane nake a ƙasar nan, ko labule mai kyau ban yarda mun saya ba.

Dabarar da na ɗauka ita ce kushe gida. Duk kiran da za mu yi sai na kawo masa zancen gadar garinmu, wadda kowane sabon gwamna sai ya zo ya sake aza mata harsashi, a yi kiɗa a watse. In ce, "Baba, nan ba a haka. Nan in an ce za a yi, an yi ke nan. Ina laifin jikokinka su tashi a inda magana take magana?" Shi dai sai ya ce, "To."

Ina da amini a Birmingham, mutumin Filato, ma'aikacin jinya ne. Shi ke kiran mu cin shinkafar Kirsimeti, ni ke aika masa naman layya. Wata rana ya turo mini hoton wani zane, ya ce wani kamfani zai gina katafaren wurin wasa a bayan garin Birmingham. Kai, zane ya yi zane! Ga tafki shuɗi da kwalekwale, ga dutse da ruwa ke zubowa daga kansa, jirgin ƙasa yana ratsa cikinsa. Ga wani lilo mai juyawa kamar ƙafar keke, wai in ka kai ƙololuwarsa duk Birmingham tana tafin hannunka. Kowace nahiya da unguwarta, tamu ta Afirka har da raƙuman dawa. Kuma rana ta take, kowa da 'yar shara, babu ko mutum ɗaya mai lema. Da ina da hankali, nan ya kamata in tsaya. Rana, a Ingila!

Amma muna da wata cuta, mu. A gida in muka ga allon kwangila, mun san inuwar awaki aka kafa, ko yaro ba ya ruɗuwa. Bature kuwa ko da gawayi ya ja layi, sai mu rantse an gama ginin. Nan take na tura wa Baba. Ƙanena ya buga masa a takarda, ya riƙa nuna wa abokan hirarsa a ƙofar gida. Da muka yi waya ya ce, "Na ga abin. In sun gama zan zo in gani da idona. In haka yake, ba zan ƙara tambayarka ba."

Na ce a raina, shi ke nan, tsoho ya shigo hannu.

Daga nan labarai suka fara zuwa, ina ji da kunne ɗaya. Wai maƙwabta sun kai kuka hukumar gari, lilon zai leƙa musu bayan gida. Wai an gano wani ɗan ƙadangaren ruwa a kududdufin wurin, irin wanda doka ta hana a taɓa. Aka yi taro, aka yi taro a kan taron, kamfanin farko ya sayar wa wani ya kama gabansa. Ban gaya wa Baba ko ɗaya ba, don ni kaina ban ɗauke su a bakin komai ba. Da aka ce an buɗe, ko leƙawa ban yi ba. Na dai tambayi aminina, ya ce shi ma aiki bai bar shi ya je ba, amma yaran cocinsu sun je, sun ce ba laifi. Bahaushe ya ji "ba laifi" bai gane ba! Na shiga neman wa Baba biza.

Biza ta fito, Baba ya iso. Ranar zuwa wurin wasan ya fito cikin babbar riga ta shadda, ya kafa hula, ya sha turare, kamar wanda aka gayyata yanke ƙyalle. Na ce, "Baba, wurin wasan yara ne fa." Ya ce ba a zuwa ganin sabon ginin mutane da kayan barci. Matata ta cika kula da dambu, ta ɗura zoɓo a jarka. 'Yarmu, wadda aka haifa a nan, tana ta tsalle a kujerar baya. Muka biya Birmingham muka ɗauki aminina, ana yayyafin nan nasu da ba ya jiƙa ƙasa sai mutum.

Muka isa, muka faka a wani makeken fili mai kwalta. Baba ya sauko, ya zaro zanen daga aljihu, ya warware. Ya dubi takarda, ya dubi ƙofar shiga, ya dubi layin itatuwan da ke gefe. Sai ya ce, "Ku yi a hankali, kada kwalekwale ya buge ku. A tsakiyar tafki muke."

Aminina ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Ciki ya fi waje ban haushi. Dutsen nan mai zubar da ruwa ya koma wani tsibin ƙasa da aka lulluɓe da ciyawar roba, jujin unguwarmu ya fi shi tsayi. Jirgin ƙasa kuwa wata 'yar tarakta ce aka yi wa fenti tana jan akwatuna. Lilon an gina shi, ba zan yi musu ƙarya ba, sai dai an rage masa tsawo saboda maƙwabta, in ka kai sama rufin wani sito kake gani da tattabaru. Muka nemi Afirka. Muka same ta a kewaye da waya, ciyawa ta cinye ta, raƙumin dawa ɗaya na roba yana tsaye a jiƙe. Abin da aka yi wa aiki tsakani da Allah shi ne kududdufin ƙadangaren: shinge mai kyau, allo mai hotonsa, har da benci don masu ziyara. Baba ya daɗe a wurin yana leƙe. Ya ce, "Wannan ɗan wane ne a garin?"

Sai ya ce lallai a kai shi wurin mai wurin ya yi masa Allah sanya alheri, don ba a shiga sabon gini a fita shiru. Na yi, na yi, ya ƙi. Muka samu wata matashiya mai riga ruwan ɗorawa da 'yar rediyo a kafaɗa. Baba ya gaishe ta, ya yi addu'a, na fassara. Sannan ya buɗe mata zanen, ya ce in tambaye ta, cikin ladabi, ko gwamna aka canza.

Ban fassara wannan ba. Tawa na yi mata, da zafi, na ce ina tafki, ina dutse, wannan ai yaudara ce! Ta yi murmushin nan nasu da ba ya kaiwa ido, ta ce ta fahimci damuwata, zanen hasashen mai zane ne kawai, sauran kuma suna nan tafe a kashi na biyu.

"Me ta ce?" in ji Baba.

Na ce, "Wai sai kashi na biyu."

Wallahi tunda nake ban taɓa ganin Baba ya yi dariya irin ta ranar ba. Har da riƙe shinge. "Kashi na biyu! Ashe nan ya yi ƙaura? Ce mata mun san shi, ɗan garinmu ne, shi ke riƙe da gadarmu. In ya zo ta gaishe shi."

Aminina ya ja ni gefe ya ce, "Malam, bar ta haka, ba ita ta zana ba." Ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

'Yata kuwa ko a jikinta. Ba ta taɓa ganin zanen ba, don haka ba ta rasa komai ba. Ta kama hannun Baba ta ja shi zuwa taraktar. Ya tattare babbar riga ya shiga akwatin, gwiwoyinsa har haɓa. Suka yi ta zagaya tsibin, tana zuba masa Turancin Manchester, yana amsa mata da Hausa. Ya tambaye ta wani abu, na ga ta ɗaga kafaɗa, ta waiwayo tana nemana. Duk Hausarta ba ta wuce "Kaka" da "na ƙoshi" ba. Na ga ya dube ta, ya daɗe, sannan ya gyara mata hular sanyi.

Ba a shiga da abinci, don haka muka koma mota, muka buɗe but, muka ci dambunmu a tsaye a tsakiyar tafki. Ina ta shirya abin da zan ce in ya yi tambayarsa, don na san na faɗi, kuma da bakina na yanka wuyana. Matata ta shiga mota da yarinyar, aminina ya ce bari ya nemo shayi. Muka rage mu biyu.

Baba ya ce, "Sashenka na gina shi yadda ka zana. Taga tana kallon darbejiya. Ban rage ba, ban ƙara ba. Duk Juma'a sai an buɗe an share."

Na ce, "Na sani, Baba."

"Ba ka sani ba, ai ba ka gani ba." Ya kai loma, ya tauna a hankali. "Ƙasar nan ba ta fi tamu gaskiya ba, ta dai fi ta iya murmushi. Amma yarinyar nan ta nan ce, na gani. Ka zauna. Allah ya yi muku albarka. In na koma zan ce wa ƙanenka ya kwashe kayansa ya shiga, ɗaki ba ya son zama ba mutum."

Abin da na yi shekaru ina nema ke nan, ga shi an miƙo mini. Na so in ce a dakata, a ɗan ƙara mini lokaci. Kunya ta hana ni, don na san sunan da zai kira wannan: kashi na biyu. Yayyafi ya ƙaru, Baba ya shimfiɗa zanen a kan kular don kada ruwa ya shiga abincin.

Ya cika maganarsa, shi. Har yau muna waya duk mako. Ya tambayi aiki, ya tambayi sanyi, ya ce a gaida iyali. Wani lokacin ina jiyo kukan jaririn ƙanena daga bayansa, na kuma san ta wace taga yake fitowa. Sai in ƙi ajiyewa, in yi ta jan hira, ko zai manta ya tambaya. Yakan jira kaɗan, sannan ya ce, "To, sai an jima," ya kashe.