Miyar da Kawu Ya Gado Daga Faransa

Jiya ƙamshin soyayyiyar albasa ya tuna mini da Kawu. Da ƙuruciyarsa ya yi aikin kuku a Ƙonni, a gidan wani Bafaranshe jinin sarauta. Duk kakar albasa a Wurno sai ya dafa mana miyar albasa irin ta gidan Bafaranshen, yana juya tukunya yana ba mu tarihin gidan: kakan da ya yi wa sarki yaƙi, da wanda ya tsere cikin kayan mata ranar da talakawa suka yi bore.

Na taɓa tambayarsa, "Kawu, to mi ya rage musu?"

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Wagga miya kaɗai, ɗiyata. Ita ma mu munka gaje ta!"

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu, ya shayar da kai ruwan Alkausara.