Yabon da Inna Ba Ta Faɗa Ba

Shekarar da na gama karatu a Lyon, takardar zamana ta kusa ƙarewa, kuma hanya ɗaya ta rage mini: wani aikin bincike kan ruwan sha a Paris. Shugabar aikin Ba'amurkiya ce, ganawar ɗaukar aikin kuma da Ingilishi za a yi ta. In na faɗi, sai in tattara kayana in koma Damagaram hannu rabbana. Ingilishin nawa kuwa na lakwal ne, wato na makaranta, a takarda ga shi nan, a baki babu.

A benen da nake haya a Bron, gefen Lyon, akwai wata nas 'yar Jos da kowa ke kira Anti. Ita ta ce in riƙa hawowa ranar Lahadi in ta dawo daga coci, ta koya mini Ingilishi. Ba ta da littafi ko ɗaya. Sai ta zuba mana gwaten acca, ta kunna muhawarar 'yan takarar shugabancin Amurka, ta tsayar, ta ce in maimaita. A haka na san sunayen jihohinsu, da yaƙin da suka yi kan bauta, da yadda baƙaƙensu suka yi ta tattaki kafin a bar su su jefa ƙuri'a. Anti ta san rigimar Amurka kamar ta gidan maƙwabta, har faɗa take yi da talabijin. Ina kewar waɗannan Lahadin ƙwarai, da ƙarar taragon da ke wucewa ƙarƙashin tagarta, da cokalin da take nuna ni da shi.

Bakina ya saki cikin 'yan makonni. Matsalar ta fito ne ranar da ta ce mu gwada ganawar, ita ce shugabar.

"Wa ya yi binciken nan na digirinka?" ta tambaye ni.

Na sunkuyar da kai na ce malamaina sun yi ƙoƙari, ni ɗan abin da na taɓa ba shi da yawa.

Ta ajiye cokali. "To malaman naka za su ɗauka ke nan. Ba ka ga mutanen nan ba? Mutum ya gyara gada ɗaya, sai ya kalli ƙasa gaba ɗaya ido cikin ido ya ce shi ya yi."

"Anti, wurinmu wanda ya yabi kansa ya zubar da girmansa. Mi za a ce da ni?"

Na gaya mata ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta yabe ni. Ranar da na ci jarrabawar shiga jami'a, ce mini ta yi in je in ɗaure akuya. Ban taɓa jin haushinta ba, haka kunya take, kuma a cikinta na girma.

Anti ta dube ni. Can ta ce, "To kar ka yabi kanka, ɗana. Ka faɗi abin da Innarka za ta faɗa a kanka, da kunya ta ƙyale ta."

Na hau jirgin ƙasa zuwa Paris da rigar da Anti ta goge mini. Ba'amurkiyar, mace mai furfura sa'ar Inna, ta miƙo hannu ta ce in kira ta da sunanta kawai. Wannan kam ya gagare ni har yau. Muka taɓa hira kan zaɓensu, na ga ta yi mamakin abin da na sani. Sannan ta jingina da kujera ta ce in gaya mata dalilin da zai sa ta ɗauke ni.

Idona ya sauka kan takalmina da kansa. Na tuna Inna a bakin murhu, tana yi kamar ba ta ga shigowata ba, alhali ta riga ta ware mini ƙwaryar fura mafi kauri. Na ɗaga kai na kalli matar. Na ce ni na bi rijiyoyin ƙauyukanmu ɗaya bayan ɗaya a kan babur, ni na ɗebo ruwan a kwalabe, ni na auna, ni na rubuta. Na ce ban taɓa fara abu na bar shi a hanya ba, tun ina ƙarami. Har na gama ban sunkuya ba.

An ɗauke ni. Anti ta yi ta rawa a kan matakala har maƙwabta suka leƙo. Da na buga waya gida, Inna ta ce, "To, an gode Allah. Akwai sanyi can?"

Anti ta yi ritaya ta koma Jos, ni kuma ina Paris da iyalina. Inna ta rasu bara waccan. Har ta koma ga Allah ban ji yabonta da Hausa ba. Sau ɗaya na taɓa jin sa, da Ingilishi, kuma daga bakina ya fito.