Yadda Muka Kai Rago Bawku da Motar Yaya Umaru

Salaga, Alhamis

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka fito da motar, fijo mai buɗaɗɗen baya, mai shan dizal. Ta marigayi yayana Umaru ce. Wata goma tana tsaye gindin mangwaro tun rasuwarsa, har kaza ta yi ƙwai a kujerar direba.

Ɗana Alhassan da ke sayar da albasa a Bawku aka haifa wa namiji. Ya aiko direban lori ya gaya mini suna ran Asabar ƙarfe takwas. A gidan surukinsa yake zaune, kuma surukin ya ce in kakan wajen uba bai iso ba, shi zai raɗa sunan nasa uban. Ni kuwa na yi niyya sunan Yaya Umaru za a sa. Shi ya riƙe ni bayan mutuwar babanmu, bai bar ɗa namiji ba.

Na murɗa makulli, ko tari ba ta yi ba. Ban yi mamaki ba. Tun yana da rai sau uku ina zuwa aro, ya miƙo makulli ya ce in gwada, ta ƙi tashi, mu tsaya muna girgiza kai tare. Masta Fuseini makaniki ya kawo batirin tarakta a baro, ya haɗa waya da hasken tocila, ta tashi da hayaƙi baƙi. Ya ce kada in kashe sai na yi tafiya mai nisa, batirin zai cika da kansa.

Mu uku ne: ni, da Yaya Adiza matar marigayin, da ragon suna a baya. Yaya Adiza mace ce mai jiki, ba ta da yawan magana. Ta shiga ta ɗora kwanon goro a cinya.

Bimbila zuwa Yendi

Mun isa Bimbila ƙarfe takwas da rabi, mil arba'in da wani abu, hanya duk rami. Na sayi koko da ƙosai na sidi sittin ta taga, injin na gurnani. A shingen da ke bayan gari ɗan sanda ya ce in kashe mota. Na ce zan kashe, amma shi zai tura. Ya leƙa ya ga Yaya Adiza, ya zagaya ya ga rago, ya ɗaga sandar da kansa.

Ƙarfe ɗaya muka shiga Yendi. Ba a ratsa Yendi ba a gaida Afa Abdulai ba, malami ne, aminin Yaya. Ya fito ya dafa motar, idonsa ya kawo ruwa, ya ce a yi wa mai ita fatiha. Ya ɗaga hannu, injin na kaɗawa, ba mai jin amin ɗin wani. Kunya ta kama ni. Na ce a raina awa takwas ai ta isa cika batir, na kashe.

Bayan azahar na murɗa makulli. Shiru, kamar na murɗa cokali a tuwo. Wani mai gyaran babur ya ce ruwan batir ne ya ƙafe, ya zuba na sidi ɗari. Wani ya ce a shanya shi a rana. Afa ya ce tunda Allah ya tsayar da mu, sai mu kwana. Muka ci tuwo da miyar kuka, rago ya cinye rabin danga.

Yendi zuwa Nakpanduri, Juma'a

Bayan sallar asuba Afa ya tare ƙofar masallaci, bai bar kowa ya wuce ba. Mutum goma sha ɗaya suka tura mu, da Yaya Adiza a ciki, don ta ce ita ba ta sauka a gaban maza. Sai wajen kasuwa motar ta kama.

Daga nan ban ƙara kashewa ba. A Gushegu na sha dizal injin na aiki. Na yi Juma'a a sahun ƙarshe, kunne ɗaya wajen liman, ɗaya wajen mota. Allah ya yafe mini.

Nakpanduri a kan dutse take, daga nan hanya ke gangarawa ƙasa zuwa Garu. Mun isa biyar na yamma. Na ajiye motar hancinta na kallon gangara, na sa duwatsu a tayoyi, na kashe da gadara. Muka kwana gidan wata mai sayar da man kaɗe, ba ta karɓi ko sisi ba sai goro biyar.

Asabar

Shida saura na cire duwatsu. Ta gangara, na saki kuloci, ta tashi. Har na fara yabon kaina. A gindin dutsen akwai yashi, na shiga da giya babba, ta yi tsalle biyu ta mutu. Gangara na bayanmu, gaba shimfiɗaɗɗen fili, Bawku saura mil talatin da ɗoriya.

Na buɗe bonet na tsaya ina kallo, don ban san abin da nake nema ba. Na zauna a bakin hanya. Shekarata hamsin da biyu, hawaye suka zo mini saboda batir. Sai na ji ƙofa ta buɗe, Yaya Adiza ta sauko.

"Seidu, kawo sifana goma."

Ta kwance kan batir, ta zare wani ɗan zoben roba na tiyub ɗin keke daga ƙarƙashin maƙalin wayar, ta miƙo mini. Ashe tun Salaga batirin ba ya haɗe da motar. Wayar Masta Fuseini a kan maƙalin ta kama, shi ya sa ta tashi. Na tambaye ta wa ya sa wannan. Ta ce Yaya Umaru ne, saboda masu aro.

"To me ya hana ki faɗa tun shekaranjiya?"

"Ya sa na yi alkawari ba zan gaya wa kowa ba. Ya ce musamman kai."

Ta ce kwana biyu tana roƙon Allah in gano da kaina, amma ta ga ba ni da niyya.

Batirin da ya yi wata goma a kwance ba shi da ƙarfin tada inji. Mata shida masu kai dawa kasuwa suka sauke kayansu, Yaya Adiza ta ɗaure zani ta shiga tsakiyarsu. Turawa ɗaya motar ta tashi. Muka kwashe su har Garu.

Bawku

 A hanya ina ta tuna yadda Yaya Umaru yake tsayawa kusa da ni yana girgiza kai, har da cewa kayya. Na ce a raina bari surukin ya sa sunan ubansa, kowa ya huta.

Takwas da minti goma muka tsaya a ƙofar gida. An shimfiɗa tabarmi, an raba goro, surukin ya riga ya matsa kusa da kunnen liman. Alhassan ya rugo, ko gaisuwa babu, ya ce Baba wane suna. Na dubi Yaya Adiza, tana gyara mayafi, tafin hannunta duk baƙin mai. Na ce Umaru.

Da yake ba a kiran sunan babba gatsau, kafin a gama feɗe rago mata sun sa wa yaron Mai Mota.

Komawa

Litinin na murɗa makulli sau ɗaya ta tashi. Kwana ɗaya muka yi a Yendi, Talata da la'asar muka shiga Salaga lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa Afa Abdulai da jama'ar masallacinsa, da matan Garu shida da ban tambayi sunansu ba, da Yaya Adiza. Yaya Umaru kuma Allah ya jiƙansa, na yafe.

Washegari maƙwabcina Issaka ya yi sallama, wai zai ɗauko doya a ƙauye, ko zan ba shi aron mota. Na ce ya ba ni minti biyar in duba ruwa. Da na rufe bonet na miƙa masa makulli, na ce ya gwada.