Ranar da Na Zare Wayar Kwamfutar 'Yata

Sai da na haura arba'in na iya haɗa baƙi, a ajin yaƙi da jahilci. Tun daga nan ba na barin takarda ta wuce ni. Da na je Dubai wajen 'yata, na tarar da wata manne a bangon ɗakinta a unguwar Muraqqabat. Da Turanci take, na tsare ta sai da ta fassara min kalma-kalma. Gida biyu ta ja na abubuwan da ke haifar irinsu: na Allah a dama, na ɗan Adam a hagu.

Na hagun ne ya tsaya min a wuya. Ta ce wasu ɗige-ɗige ne cikin kwamfuta, kowanne yana kwafar kansa, karatunta kuma shi ne tantance gidan da kowane abu zai shiga. Ni ja da Mahalicci na gani. Na faɗa mata ba za ta ji albarka daga bakina kan wannan karatu ba sai na gane kansa.

Wata safiya ta tafi jami'a, ta bar babbar kwamfutar a kunne. Na zauna ina kallon ɗigon suna yaɗuwa har azahar. Sai na zare wayar daga bango, na mayar. Ko ɗaya bai dawo ba.

Aikin kwana huɗu na kashe mata. Da ta dawo ba ta ɗaga murya ba. Ta shiga kicin ta ɗauko kindirmon da nake haɗawa kullum da cokali ɗaya na jiya, don nonon can da suke kira laban bai yi min ba.

"Umma, naki ma in kika daina zuba masa madara mutuwa zai yi."

"Nawa ba ni na yi shi ba, 'yar nan. Daga kwano zuwa kwano nake kai shi. Naki wa ya fara shi?"

Ta ce mutum ne ya zauna ya rubuta na farkon. Na ce to a rubuta haka a bango, kowa ya gani.

Ta ƙara layi biyu ƙarƙashin kowane gida: wa ya fara, wa ke ciyarwa. Na sa ta rubuta da Hausa a gefe, na bi da yatsa sau biyu, sannan na sa mata albarka.

Amma har na bar garin ban yi sallah a ɗakin ba in kwamfutar na kunne.