Dattijon da ya haddace littafin gina shafin intanet

Wata rana ina zaune a shagon abokina Sadisu a Gusau, inda ake buga takardu. Ni sana'ata gina shafukan intanet ce. A shagon nake fakewa duk ranar da babu wuta a unguwarmu, wato kusan kullum.

Sai ga wani dattijo ya yi sallama.

Gemu fari tas, babbar riga ta sha guga. Hular kansa kuwa, ina ganinta na ji kunyar tawa.

Ya rungumo wani abu naɗe cikin farin ƙyalle. Ya tambaya waye malamin kwamfuta a nan. Sadisu, sarkin gudun aiki, ya nuna ni da leɓe.

Na miƙa wa Baba kujera, ya ƙi. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa, ya tanƙwashe ƙafafu. Sannan ya kwance ƙyallen ya miƙo mini abin da hannu biyu.

Littafi ne, ƙato, na koyon gina shafin intanet, da Turanci. A bangonsa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa na masu farawa ne, ba sai ka san komai ba.

Baba ya ce ya kawo hadda ne, a saurara masa.

Na ɗauka kunnena ne. Kafin in sake tambaya ya gyara murya, ya lumshe ido, ya fara ɗan rangaji gaba da baya.

"Bakin tsuntsu na hagu, ec, ti, em, el, bakin tsuntsu na dama."

Jama'a, rubutun da ake gina shafi da shi ne yake kawowa da ka. Alamomin nan masu tsini da ake buɗe layi da rufe shi da su, shi ya raɗa musu bakin tsuntsu, don littafin bai gaya masa yadda ake kiransu ba.

Ina bin littafi da yatsa, yana zubowa. Babi na farko ya wuce, ko tuntuɓe babu.

Na ce bari in gwada shi. Na buɗe can tsakiya, na ja masa farkon layi. Ya cafe ya ci gaba, har da gaya mini akwai ɗigo da waƙafi a ƙarshe, kada in tsallake.

Sadisu ya shige bayan injin hoto. Ba na ganin komai nasa sai kafaɗu suna rawa.

Ni ma dariyar ta cika mini ciki. Amma wa ya isa ya yi wa wannan gemun dariya a gabansa?

Da ya kai aya, na tambaye shi labarin.

Ashe huluna yake sayarwa a kasuwa, tun ba a haife ni ba. A taron ƙungiyarsu ta masu huluna aka yi ta kukan ciniki ya ja baya, yaran zamani suna sayarwa ta waya, su suna zaune suna korar ƙuda. Baba ya miƙe ya ce shi zai gina wa ƙungiya shafi, mutanen Legas da Yamai su riƙa ganin kaya daga ɗakunansu.

Wani maƙwabcin rumfarsa, Alhaji Jatau, ya kwashe da dariya ya ce to, Allah ya ba Injiniya sa'a.

Sunan ya bi shi. Duk layin 'yan huluna, daga an hango shi sai a ce ga Injiniya nan. Mai shayi ma da sunan yake kiransa.

Ranar Asabar mai zuwa kuma ita ce ranar taro, ranar da ya yi alkawarin nuna shafin.

Na ce to Baba, ina shafin?

Ya ce ai abin da ya kawo shi ke nan. Karatu ya zauna daram. Inda ake zuba shi ne bai sani ba.

Ba don rashin kwamfuta ba ne. Akwai tsohuwar laftof a gida, ta babbar 'yarsa. Yakan buɗe ta, ya dube ta, ta dube shi, ya rufe. Na ce me ya hana ka tambayi mai ita? Ya yi mini wani kallo. 'Yar fari ce, ko sunanta ba ya kamawa, balle ya durƙusa gabanta neman karatu.

Don haka ya koma ga hanyar da ya sani.

Baba ya yi boko na da, yana karanta Turanci sarai. Amma ainihin karatunsa a zaure ya yi shi, gaban malami. A can idan ka zo wurin da ba ka gane ba, ba ka tsayawa musu. Ka haddace tukuna, fahimta tana tafe.

Ya haddace. Ya zauna jiran fahimta. Shiru.

Da jiran ya ishe shi, sai ya gwada zubawa a waya. Ya zauna ya danna babi na farko kaf, harafi bayan harafi, ya tura guruf ɗin ƙungiya, ko shafin zai fito a can.

Mutum na farko ya amsa da Amin.

Na biyu ya ce Amin ya Allah, a saka mu a ciki.

Wani tsoho ya kira shi a gefe ya tambaya, wannan na sha ne ko na ɗaurawa?

Alhaji Jatau bai rubuta komai ba. Hotunan dariya ya jero, layi guda cur.

A nan Sadisu ya kasa riƙewa. Ya fita waje da gudu, wai zai duba janareta.

Baba bai yi dariya ba. Ya jira shagon ya yi tsit, ya sassauta murya.

"Allah gafarta Malam, ka faɗa mini gaskiya. An ce littafin na wanda bai san komai ba ne, ni kuma na kasa. Kan nawa ne ya tsufa?"

Wallahi dariyar da ke cikina ta mutu nan take. Tausayinsa ya kama ni, haushi kuma ya biyo baya.

Na ce, "Baba, nuna mini inda ka fara ɓata."

Ya ce, "Layin farko."

Na buɗe shafi na ɗaya. Ga abin da marubucin ya ce: ka buɗe manhajar rubutun da ka fi so, ka rubuta wannan, ka adana fayil ɗin, ka duba shi a burauza.

Wadda ka fi so.

Mutumin da bai taɓa ganin ko ɗaya ba, an ce ya zaɓi wadda ya fi so.

Na dudduba gaba, na dudduba baya. Babu inda aka ce ga abin da ake nufi da fayil. Babu inda aka ce ga inda ake dannawa. Wanda ya rubuta littafin ya san aikinsa, ban musa ba. Ya dai daɗe da sanin ne har ya manta akwai ranar da shi ma bai san inda ake kunnawa ba. Ya gina gida mai kyau, bai bar ƙofa ba.

Na ce wa Baba kansa lafiya lau, littafin ne ya faro daga tsakiya. Na roƙe shi ya hau kujera, don kwamfutar ba za ta sauko ƙasa ba.

Na ba shi maus, ɗan abin da ake juya kibiyar kwamfuta da shi. Ya ɗaga shi sama ya nuna wa kwamfutar, yana dannawa kamar rimot ɗin talabijin. Na mayar da hannunsa kan tebur. Muka yi ta fama da 'yar kibiyar nan, tana gudu yana bin ta, har ya kama ta.

Na nuna masa farin filin da ake rubutu a ciki. Na ce nan ne allon.

Ya ce, "Shi ke nan? Nan ne?"

Daga nan ban sake buɗe littafin ba, don ba a buƙatarsa. Baba yana rangaji yana karantowa, yatsa ɗaya yana farautar haruffa. Sau ɗaya na sa baki na ce ya wuce zuwa layi na gaba, ya ce a'a Malam, ba a rufe bakin tsuntsu ba. Na duba, gaskiyarsa.

Da ya zo wurin sa suna, ya sa na ƙungiyarsu. Muka adana. Na ce ya danna nan.

Sai ga shi ya fito, baƙi a kan fari, manya-manya: Ƙungiyar Masu Huluna.

Baba ya matsa kusa. Ya ja da baya. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya tambaye ni ko ni na saka, na ce hannuna yana aljihu.

Ya ciro hular nan mai kyau daga kansa, ya shafa kai, ya daɗe yana kallon rubutun.

Sauran kwanakin kullum sai ya zo da laftof ɗin naɗe a ƙyalle. Muka saka hotunan huluna. Ɗora shafin a intanet ni na taya shi, don littafin da 'yan layuka ya sallami wannan, ya ce abu ne mai sauƙi.

Ban je taron Asabar ba. Ranar Lahadi dai sai ga kwanon waina da miyar taushe an kawo shago, wai walimar sauka ce. Sadisu da ya fi kowa dariya shi ya fi kowa ci.

Da yamma Baba ya biyo, na ce yaya aka ƙare?

Ya ce waya ta zaga hannu-hannu, kowa yana neman hularsa a ciki. Da aka watse, Alhaji Jatau ya same shi a rumfa. Ya gaishe shi da Injiniya, wannan karon babu dariya. Ya ce ko za a ara masa littafin nan, shi ma ya ɗan duba.

Na ce ka ba shi?

Ya ce ina, ai ba ya gaba da shi har haka.

Tabarma ya shimfiɗa masa, ya ajiye laftof a tsakaninsu, ya kama yatsan Alhaji Jatau ya ɗora a kan maɓalli.

Ya ce, "Karatun yau, nan ake kunnawa."

Darasi:

Ba duk littafin da aka rubuta wa "na masu farawa" ne ya san mai farawa ba. Idan ka maƙale a layin farko, kada ka yanke wa kanka hukunci. Nemi mutum mai rai ya nuna maka inda ake dannawa.

Kai kuma da ka iya, idan za ka koyar, ka faro daga inda ɗalibin yake tsaye, ba daga inda kai ka kai ba.

Ka san wani da ya jefa irin wannan littafin ƙarƙashin gado yana cewa kansa ne ba ya ja? Tura masa wannan. Ku yaɗa shi har ya isa ga masu rubuta littattafan.