Sabi'u Maɗori da Guzar Tur'a

Duk ƙauyukan da ke kewaye da garin Hajj Abdalla babu wanda bai san Sabi'u maɗori ba. Gajere ne, ga faɗa kamar zakara, amma in ya kama ƙashi sai ya zauna. Sana'ar gado ce, da sharaɗinta. Kakansa da ya taso daga Sakkwato ya bar wasiyya cewa duk mai rai da aka kawo ƙofar gidan da karaya a ɗora shi, ranar da aka ƙi kuwa albarkar hannu ta tafi. Sabi'u ya ɗora awaki, ya ɗora jakuna, har zabo.

To, shekarar da aka yashe babbar tur'a, wato magudanar ruwa mai shayar da gonaki, motar haƙa ta danne wata guza ta karya mata ƙafar gaba. Jibo maƙwabcinsa, shaƙiyyin banza, ya jawo ta da igiya ya yar a ƙofar gida, wai a gani ko wasiyyar ta haɗa da wannan. Guza fa! Tsawonta ya kai tabarmar salla, tana huci, tana zaro harshe mai baki biyu. Kowa ya ce cizonta da dafi.

Duk da haka Sabi'u ya durƙusa. Yana jan ƙafar, sai ta damƙe masa hannun dama da haƙora, ta ƙi saki. Da hagu ya ƙarasa ɗaure karan. Hannu ya kumbura suntum, ko cokali ba ya riƙewa. Matarsa Sabuwa ta sha kuka, ta ce ya kashe sana'arsa a kan ɓarauniyar ƙwan kajinta. Amma ita ɗin ce ke farfasa wa guzar dodon koɗi a bayan rumbu, tana ba ta tana zaginta.

Ranar kwance ɗori gari duk ya fito bakin tur'a. Kumburi ya sace, amma Sabi'u tsoro yake ji kada ɗorin hagu ya ƙi kamawa, a haka ya warware karan. Guza ta kwanta shiru. Jibo ya fara ƙyalƙyala dariya, sai ga ta tsaye a kan ƙafa huɗu! Ta zabga wa Jibo wutsiya a ƙwauri, ta sheƙa a guje, tsundum cikin ruwa. Mata suka ɗau guɗa.

Sabi'u ya ɗaga hannun sama, hawaye na zuba.

"Sabuwa, yana nan. Wallahi hannun kaka yana nan."

Ta kama ta shafa tabon haƙoran, sannan ta ce ya wuce gida, akwai mai karaya yana jiransa tun safe.